Yadda Ake Haɗa Kayan Ado da Kyaututtuka da Yankakkiyar Takarda da Guntayen Atamfa

Yanka fure hamsin iri ɗaya da almakashi ba ƙaramin aiki ba ne. Na farko da na biyu sukan fito tsaf, amma kafin a kai na ashirin hannu ya gaji, wannan ya fi wancan faɗi, wancan kuma gefensa ya karkace. Wannan wahalar ce ƙarfen yanka ya ɗauke wa masu aikin hannu. Ƙarfe ne mai kaifi da aka lanƙwasa shi ya ba da siffa guda, ko fure, ko tauraro, ko harafi, ko shimfiɗaɗɗen akwati. Idan aka danna shi a kan takarda ko yadi sai siffar ta fita, ta ɗari daidai da ta farko.

Sai dai daidaito kaɗai ƙarfen ke bayarwa. Kyawun aikin yana ga abin da aka yi kafin yanka da bayansa: kaurin takardar da aka zaɓa, yadda aka shirya yadin, da irin gam ɗin da aka haɗa su da shi. Wanda ya gane waɗannan uku zai fitar da abin burgewa ko da almakashi ne kawai a hannunsa. Wanda bai gane su ba kuwa, injin tsada ba zai rufa masa asiri ba.

Injina da ƙarafan yanka

Dabarar ta samo asali ne a masana'antun takalma a ƙarni na 19, inda ake buga ƙarfe mai siffar tafin takalmi a kan fata. Masu buga katin biki da kwalayen magani ma da irinta suke aiki har yau, da manyan injina. Shigarta makarantu da gidaje daga baya ne. Kamfanin Ellison na Amurka ya fara da injin hannu na yanka haruffa domin malaman makaranta a 1977, sannan a 2001 ya fito da Sizzix domin masu aikin hannu a gida.

Injinan gida iri biyu ne. Na farko na murɗawa ne, ba ruwansa da wutar lantarki. Ana jera ƙarfe da takarda tsakanin alluna biyu na roba mai tauri, a tura su bakin injin, a murɗa hannu, wasu ƙarafa biyu masu juyawa su matse su su fito ta ɗaya gefen. Big Shot na Sizzix shi ne sananne a wannan layi, faɗin bakinsa inci 6, wato kusan santimita 15. Babban wansa, Big Shot Plus, yana ɗaukar takardar A4 sukutum. AccuQuilt GO kuma domin yadi aka ƙera shi.

Na biyu na lantarki ne, kamar Cricut da Silhouette Cameo da ScanNCut na Brother. Waɗannan ba sa buƙatar ƙarfen siffa. Ana zana abin da ake so a kwamfuta ko waya, 'yar wuƙar cikin injin ta bi zanen a kan takardar da aka manna a tabarma mai danƙo. Cricut Maker, wanda ya fito a 2017, yana da wuƙa mai gara kamar taya wadda ke yanka yadi ba tare da an ƙarfafa shi ba. Amfaninsu a fili yake: kowane suna, kowane zane, har dagin Arewa, ana iya fitar da shi. Amma suna son wuta tsayayya, manhajar Cricut tana son intanet, kuma ƙura na kashe danƙon tabarmar da wuri. Ga mai farawa a inda wuta ke zuwa tana tafiya, na murɗawa ya fi kwanciyar hankali.

Ƙarafan injin hannu su ma iri biyu ne, kuma a nan mutane da yawa ke asarar kuɗi. Akwai sirara, marasa kauri sosai, irin su Thinlits da Framelits. Suna fitar da zane mai ƙananan ramuka, amma takarda ɗaya suke ci a lokaci guda. Akwai kuma masu kauri, irin su Bigz, waɗanda wuƙarsu ke ɓoye cikin baƙin soso. Su ne ke yanka atamfa ninki da yawa, da kwali, da fata mara kauri. Duk mai niyyar aikin yadi, masu kaurin zai nema.

Kada a ruɗu da yawan siffofi. Jerin da'irori daga ƙarama zuwa babba, fure ɗaya mai ganye biyar ko shida, ganye ɗaya, da jerin haruffa sun isa ayyukan shekara. Wanda bai da injin kuma, ya yanka siffar a jikin roba mai tauri, kamar murfin bokitin fenti, ya riƙa ɗora ta yana zagayewa da fensir ta bayan takarda. Akwai kuma ƙananan abin huda takarda na hannu masu fitar da fure ko zuciya a shagunan kayan makaranta. Sandar da ke hannunka, da ita kake jifa.

Zaɓen takarda

A jikin ƙunshin takarda akwai lamba da haruffan gsm a gabanta. Ma'anarta nauyin murabba'in mita ɗaya na takardar a giram. Takardar ofis ta yau da kullum 80 ce, ta yi laushi da yawa, sai dai gwaji. Daga 120 zuwa 160 ta dace da ambulan da furanni masu lanƙwasa. Daga 200 zuwa 250 ta dace da katin gaisuwa da haruffan ratayewa. Akwatin da zai ɗauki kaya yana son 250 zuwa 300.

A duba cikin takardar ma. Wata launinta a fuska kawai yake, idan aka yanka sai farin ciki ya bayyana a gefe. Wadda aka rina har ciki ta fi kyau ga fure.

Takarda tana da bi. Idan aka lanƙwasa ta a hankali ta tsawo sannan ta faɗi, za a ji ɗaya ɓangaren ya fi saurin miƙa wuya. Ninkin da ya bi wannan ɓangaren yana kwanciya lafiya, wanda ya gitta shi kuwa yakan tsage, musamman a hunturu da takarda ke bushewa ƙayau. Maganinsa a ja layi kafin a ninka: a ɗora rula, a bi da bakin biron da tawadarsa ta ƙare, a danna daidai yadda zai bar kwari ba tare da ya huda ba. A damina kuma takarda na shan laima ta kumbura, don haka a ajiye ta kwance cikin leda a rufe.

Shirya yadi

Guntayen da ke zubewa a ƙarƙashin teburin tela bayan ɗinkin Sallah ko ankon biki sun isa jari. Atamfar auduga ce ta fi ba da haɗin kai. Leshi ba ya yankuwa da kyau, yadin roba yana zamewa kuma yana narkewa a ƙarƙashin dutsen guga mai zafi. Akwai kuma felti, yadi mai kauri da ake matse gashinsa maimakon saƙawa, wanda bakinsa ba ya zarewa ko kaɗan.

A fara wanke sabuwar atamfa, domin sinadarin da ke sa ta sheƙi yana hana gam kamawa. A shanya, a goge. Daga nan sai a ƙarfafa ta, gwargwadon aikin da za ta yi:

- Idan za a ɗinka ta ne, sitati mara kauri ya wadatar. A tsoma, a shanya, a goge har ta yi tsaye kamar takarda.
- Idan ana so ta tsaya da kanta, kamar ganyen fure, a manna mata gam ɗin teloli mai fuska ɗaya ta baya da dutsen guga, irin wanda ake sa wa wuyan riga.
- Idan za a liƙa ta a jikin wani yadin ne, kamar harafi a kan matashi, sai gam mai fuska biyu da takarda a bayansa, irin su Bondaweb ko HeatnBond. A kwantar da ɓangaren mai kaushi a bayan yadin, a goge ta kan takardar, a bar shi ya huce sarai kafin a yanka.

Yadi ma yana da bi. Zaren da ke tafiya tare da bakin atamfa, inda ake buga sunan kamfani, shi ne ba ya miƙewa. A jera yadin yadda wannan zaren zai shiga injin a miƙe. In aka saka shi a karkace, matsi zai ja shi, da'ira ta fito kamar ƙwai.

Yadda ake yankan

Da ƙarfe mai kauri: a shimfiɗa allon roba ɗaya, a ɗora ƙarfen sosonsa na kallon sama, a ɗora yadin ya rufe siffar, a rufe da allo na biyu, a murɗa. A fara da ninki biyu, in ya fita tas a ƙara. Atamfa takan kai ninki huɗu zuwa shida, felti kuwa ɗaya ko biyu.

Da siririn ƙarfe: a fara sa dandamalin da ya zo da injin, sai allo, sai takarda fuskarta sama, sai ƙarfen kaifinsa na kallon takardar, sai allo na biyu. A riƙe ƙarfen da guntun salatif ɗin takarda wanda aka fara mannawa a jikin riga don danƙonsa ya ragu, kada ya ɓare fuskar takardar.

Za a ji ƙara kamar abu na karyewa, kuma allunan za su cika da zane. Haka abin yake, ba lalacewa ba ce. Idan wani gefe bai yanku ba, a ƙara takarda mai kauri guda ɗaya a ƙarƙashin allon, a sake turawa. Idan kuwa hannun injin ya ƙi murɗuwa, a ja da baya a rage kaya, tilasta shi na karya injin. Siffa mai miƙaƙƙen gefe, kamar murabba'i, a ɗan karkata ta yadda kusurwa za ta fara shiga. Ƙananan ramukan da suka maƙale a ciro su da bakin allura.

Ƙa'ida ɗaya ba a tsallake ta: kowane sabon aiki a gwada shi da tsohuwar takarda tukuna. Haruffa musamman, domin in aka kifa yadin ta inda bai dace ba, sunan zai fito a juye.

Gam

Farin gam na ruwa, irin su Top Bond, yana kama takarda da yadi, amma ruwan cikinsa na sa takarda ta yamutse idan ya yi yawa. A ɗiga shi a murfin kwalba, a riƙa ɗiba da tsinken sakace, a danne aikin a ƙarƙashin littafi mai nauyi har ya bushe. Salatif mai fuska biyu ya fi tsabta ga ambulan da akwati. Gam ɗin kyandir da ake narkawa a bindiga na furanni ne da maɓallai da duwatsun ado. Yana kamawa nan take, amma yana yin tudu, kuma yana iya saki idan kaya suka wuni cikin mota a rufe a zafin bazara. Idan ya ɗiga a yatsa, a tsoma cikin ruwan sanyi nan da nan. Bindigar da aka yo tsarabarta daga Amurka a duba jikinta, da yawa na wuta 120 ne, alhali ta Najeriya da Nijar tana tsakanin 220 da 240.

Aiki na farko: ambulan goron Sallah

Takardun naira daga 100 zuwa 1000 girmansu ɗaya, milimita 151 da 78. Ambulan mai santimita 16.5 da 9 zai ɗauke su ba tare da an ninka ba.

1. A takarda mai nauyin 120 zuwa 160, a yanka yanki mai faɗin santimita 19.5 da tsawon 22.
2. A ja layi biyu a tsaye, kowanne santimita 1.5 daga gefe.
3. A ja layi biyu a kwance, ɗaya santimita 5 daga sama, ɗaya 8 daga ƙasa. Tsakiyar da ta rage 9 ce.
4. A yanke kusurwoyi huɗun, ya zamana kunnuwan gefe na jikin tsakiyar kaɗai.
5. A ninka kunnuwan ciki, a sa musu salatif mai fuska biyu, a naɗo ƙasan ya hau kansu.
6. A yanka jinjirin wata da tauraro daga takarda mai ruwan zinare, ko ƙaramin fure na atamfa, a manna a kan marfin.

Ado ɗaya ya isa. Cika fuskar ambulan da kwalliya na rage masa kwarjini.

Aiki na biyu: furen atamfa

A yanka da'ira biyar masu faɗin santimita 6 daga atamfar da aka sa wa sitati. A zura zare ninki biyu a allura, a ƙulla. A ninka da'ira ta farko gida biyu, fuskar a waje, a bi lanƙwasasshen bakin da ɗinki mai faɗi, allura na shiga tana fita, sannan a ja zaren ya yi tattara. Ganye ɗaya ke nan. Ba tare da an yanke zaren ba, a ci gaba da ta biyu har ta biyar. A haɗa ta ƙarshe da ta farko, a ja sosai, a ƙulla. A manna ƙaramar da'irar felti a baya don ta rufe ɗinkin, a sa maɓalli a tsakiyar gaba.

Sirrin yana wajen ɗora ƙarfen. Zanen atamfa manya ne, in aka yanka barkatai kowane ganye zai fito da launinsa daban. A zaɓi wuri ɗaya a zanen, a riƙa yanka daga inda ya maimaitu. Wannan fure yana hawa kan ribon ɗin gashin yara, ko jakar hannu, ko murfin akwatin kyauta, ko a sa masa fil a baya a maƙala a ɗankwali.

Aiki na uku: jerin tutoci na ranar suna

A yanka yadi mai kusurwa uku, faɗin sama santimita 13, tsawo 17, biyu-biyu ga kowace tuta. A haɗa biyun fuska da fuska, a ɗinka dogayen gefuna biyu, a datse ɗan tsinin ƙasa, a juya, a goge. Mai gaggawa ya manna biyun baya da baya da gam mai fuska biyu kafin ya yanka, ba sai ya ɗinka gefunan ba.

Haruffan da za a manna a kan tutocin a yanka su daga yadi mai launi ɗaya, domin harafin atamfa a kan tutar atamfa ɓacewa yake yi. A ɓare takardar bayansu, a jera, a rufe da ƙyalle mai ɗan danshi, a danna dutsen guga a wuri ɗaya ba tare da gogawa ba. Sannan a cusa kan tutocin cikin ninkin bayas ɗin teloli, da tazarar yatsa biyu tsakaninsu, a bi da ɗinki ɗaya daga farko har ƙarshe. A bar rabin mita a kowane gefe na ɗaurewa. Tun da sai ranar ake raɗa suna, a iya shirya tutocin da haruffan "Barka da Suna" tun da wuri.

Aiki na huɗu: akwatin dabino ko alawa

Daga takarda mai nauyin 250 zuwa 300, a yanka murabba'i mai santimita 15, a ja layi santimita 4 daga kowane gefe. A kowace kusurwa a tsaga layi ɗaya har inda layukan suka haɗu, ya zama kunne. A tayar da gefunan, a manna kunnuwan ta ciki. Gindin akwatin ya fito, 7 da 7, zurfi 4.

Murfin kuma murabba'i mai santimita 11.3, layi santimita 2 daga kowane gefe, a haɗa shi haka nan. Wannan ƙarin milimita 3 shi ke sa murfin ya zauna ba tare da ya matse ba. In ana so a ga abin da ke ciki, a huda da'ira a tsakiyar murfin kafin a haɗa shi, a liƙa farar leda mai tauri ta ciki. Cincin, dubulan, alkaki da duk abin da ya ga mai a ƙulla shi a leda tukuna, in ba haka ba kafin a kai wajen taro mai ya huda takardar.

Abubuwan kiyayewa

Kayan rabo da na ado ƙarshensu bola ne ko ƙasan tabarma. Saboda haka kada a yanka ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a jikinsu, ko da na walimar sauka ne. "Barka da Sauka" ya isar da saƙo.

Kada a naɗe takardun naira a mai da su fure, ko a soke su da fil, ko a shafa musu gam. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta wulaƙanta naira, da hukuncin ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. A 2023 bankin ya ambaci furen kuɗi a cikin abubuwan da ya ɗauka wulaƙanci ne.

Duk abin da zai je hannun jariri kada a sa masa maɓalli ko dutsen ado, domin baki zai kai. Sannan a tuna akwai wuƙa a ƙarƙashin soson nan, ba a danna shi da yatsa, ba a bar wa yara.

Allunan roba suna lanƙwashewa, a riƙa juya su baya da gaba a kowane yanka. Siraran ƙarafa a jera su a jikin shimfiɗar maganaɗisu. A jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi a ma'ajiyarsu, saboda tsatsar damina. Almakashin yadi kuma kada ya taɓa takarda, dakushewa yake yi.

Idan za a mai da shi sana'a

Kafin a faɗi farashi, a yi guda goma ana duba agogo, a lissafa takarda da gam da ribon da ledar ƙunshi, a ƙara kuɗin lokaci da na waɗanda za su lalace. A nuna wa mai kaya samfuri ɗaya, ya amince da launi da rubutun suna harafi bayan harafi, a karɓi kuɗin kayan aiki kafin a fara, domin akwatin da ke ɗauke da sunan amarya da ango ba ya sayuwa ga wani. In aiki ya kai ɗaruruwa, a yi shi mataki-mataki: a gama yanka duka, a ja layi duka, a ninka duka, sannan a zo kan gam. In ya fi ƙarfin injin gida, a kai wa masu buga katin biki su yanka, a dawo a yi haɗin da adon da hannu.

Mai farawa ya tsaya kan aiki ɗaya, ambulan ko fure, ya maimaita shi har ya daina duba awo, kafin ya sayi ƙarfe na gaba.